Kafala bauta ce ko ijara? Muhawara kan masu tafiya aiki Katar da Saudiyya

Ɗan Kurna:
Jama'a, wai sai yaushe za a taka wa ejan-ejan ɗin nan birki? Kullum tallarsu na yawo a waya, aiki a Katar, aiki a Saudiyya, biza ta fito. Ku zo mu yi lissafi. Tun watan Maris na 2021 mafi ƙarancin albashi a Katar riyal 1,000 ne a wata, sai 500 na masauki da 300 na abinci idan kamfani bai ba ka su ba. Riyal 3.64 ne dala ɗaya, albashin ke nan dala 275. A ce ejan ya karɓi dala 1,500 a hannun yaro, ban da fasfo da gwajin asibiti. Wata biyar da rabi zai yi yana biyan bashi, shi ma in bai sayi ko katin waya ba. Abin takaicin, dokar Katar ta hana a karɓi kuɗin ɗaukar aiki daga ma'aikaci, ta Saudiyya kuma ta ɗora kuɗin kawo shi da na igama, wato takardar izinin zama, da tikitin komawa a kan wanda ya ɗauke shi. Ejan ya ci a can, ya zo ya ci a nan. Iyaye su sayar da gona a tura yaro bauta. Na san za ku karanta ku wuce kamar kullum.

Malam Na-Gwale:
Ƙanina, ka ji tsoron Allah da wannan kalma. Bawa a fiƙihu ana sayar da shi, ana kyauta da shi, ana gadonsa. Wanda ya sa hannu a kwantiragi, aka yanka masa lada, aka sa wa'adi, wannan ijara ya shiga, kuma babinta daban a kowane littafi. Saudiyya ta soke bauta tun 1962. Ba daidai ba ne a jefi ƙasar da ke hidimar Harami biyu da abin da ta haramta da kanta. Ka janye.

Ɗan Kurna:
Allah ya gafarta Malam, maganata a kan ejan take.

Malam Na-Gwale:
Amma bauta ka rubuta.

Ɗalibin Tarihi:
Malam, 1962 ɗin daidai ne. Katar ta riga ta a 1952, Oman sai 1970. Sai dai a gaɓar Tekun Fasha ba sai an saye mutum ake ɗaure shi ba. Kafin fetur, Bahrain da Katar da Kuwait da Dubai da lu'ulu'u suke ci. Babban lokacin nutso daga Yuni ne zuwa Satumba, wata huɗu a kan ruwa. Mai nutso ya matse hancinsa da ɗan maƙali, ya rataya kwando a wuya, ya taka dutse mai igiya ya nitse da shi, abokin aikinsa na bisa jirgi riƙe da ɗaya igiyar, da ya ji an girgiza sai ya jawo shi. Babu albashi, rabo ake yi. Kafin a tashi, mai jirgi, wanda suke kira nahoda, zai ba kowa bashi ya bar wa iyali. In an dawo an sayar, a cire kason jirgi, a cire abincin da aka ci, a cire bashin. Shekarar da ba a samu ba, bashi ya haye ta gaba. Ba ka komawa jirgin wani sai da takardar nahodanka, in ka mutu bashin ya faɗa kan ɗanka ko ƙaninka. Yawancin waɗannan mutane 'ya'ya ne, ba bayi ba, amma ina za su? Sana'ar ta mutu da Japan ta fara noman lu'ulu'u, ga karayar tattalin arzikin duniya ta 1929. Aka samu fetur a Bahrain a 1932, Dammam ta Saudiyya da Burgan ta Kuwait a 1938. Akwai masana da ke ganin kafala, tsarin da ke ɗaure baƙon ma'aikaci da kafili, mai ɗaukar nauyin zamansa, ta gaji wani abu daga can, wato bashi a gaba da izinin maigida kafin ka motsa.

Alhaji Mai Zinare:
Ku daina haɗa su a kwano ɗaya. Ƙasashen Larabawa shida ne a yankin, kowace da dokarta. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tun 2009 albashin kamfani ta banki ko wurin canji mai rajista yake bi, ma'aikatar ƙwadago na gani. Kamfani ya jinkirta, a rufe masa ɗaukar sababbin ma'aikata. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba babu aiki a rana daga 12:30 zuwa 3:00. Ka cika shekara ka bar aiki, kana da kuɗin sallama, albashin kwana 21 a kowace shekara cikin biyar ɗin farko, 30 bayan nan. Kusan tara cikin goma na mazauna ƙasar baƙi ne, kuma da ƙafarsu suka je. Bawa ba ya tura kuɗi gida duk ƙarshen wata. Masu zagin Dubai yawancinsu biza aka hana su.

Hajiya Uwar Marayu:
Alhaji, duk abin da ka lissafa na ma'aikacin kamfani ne. 'Ya'yanmu mata da ake kaiwa ba kamfani suke zuwa ba, gida ake kai su aikatau, shagala suke ce musu. Gyaran da Saudiyya ta fara a 14 ga Maris 2021 ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba da yardar kafili ba, ya nemi bizar fita da kansa ta manhajar gwamnati ta Absher, kuma in an hana shi albashi wata uku a jere ya tafi. To gyaran bai haɗa da 'yan aikin gida ba, bai haɗa da direban gida da makiyayi da mai aikin gona ba.

Ku dubi yadda abin ke lalacewa. Yarinya ta sauka, uwar gida ta karɓi fasfo ta ce ajiya, alhali doka ta hana. Igamarta da sunan maigidan take. Aka ce gida ɗaya, sai ta tarar gida uku ne, har da na uwar miji da na ƙanwa. Wata biyu babu albashi. Ta gaji ta fita. Kafin ta isa ko'ina, maigida ya danna waya ya shigar da ita hurub, wato ta gudu. Ba da jimawa ba ta rasa zama na halal, wanda ya ba ta aiki ma ya yi laifi, askarawa suka kama ta sai gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, ga na Shumaisi nan tsakanin Makka da Jidda, a ɗauki yatsunta a hana ta dawowa. Albashin da take bi sau da yawa shi ke nan. Shi ya karya alkawari, ita ce mai laifi a takarda. A 2019 sashen Larabci na BBC ya nuna yadda ake tallar 'yan aikin gida a manhajojin waya a Kuwait, da hoto da farashi. Malam, ka ce bawa ana sayar da shi. Wannan fa?

Malam Na-Gwale:
Hajiya, wannan zalunci ne, kuma Allah zai tambaye su. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Amma abin da ake biya wa kuɗin shi ne tanazul, wato sakin kafala daga hannu zuwa hannu don wancan ya mayar da kuɗin da ya kashe. Ba wuyanta aka sayar ba. Zalunci sunansa zalunci, bauta sunanta bauta. Kuma Kuwait kika ambata, ba Saudiyya ba.

Hajiya Uwar Marayu:
An tambaye ta kafin a yi tanazul ɗin?

Abu Hafsa:
Kafin a yi nisa, Ɗalibin Tarihi ya gyara bakinsa. Babu wani Tekun Fasha. Khalijul Arabi ne, Tekun Larabawa. Ƙasashe shida suka kafa majalisarsu ta haɗin kai a Abu Dhabi a 25 ga Mayu 1981, dukkansu Larabawa. Mun san su wa ke son ɗaya sunan, mun kuma san inda suka dosa.

Ɗalibin Tarihi:
Yaya Abu Hafsa, Tekun Fasha shi ne sunan da ke tsofaffin taswirori, shi Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da shi, shi gidajen rediyon Hausa ke faɗa. Ka ce Tekun Larabawa, a taswira wannan sunan wani tekun ne, wanda ke tsakanin Oman da Indiya. Gabar arewa da ta gabas duka ta Iran ce. Jidda kuwa da 'yan takari suka fi sani ba ta ma kan wannan teku, a Bahar Maliya take.

Abu Hafsa:
Ai ka nuna kanka.

Ɗalibin Tarihi:
Faɗin sunan teku ba ya sauya wa mutum aƙida. Ka ji tsoron Allah.

Injiniya Na-Zariya:
A koma kan doka. In ana maganar wa ya sassauta kafala, Katar ce gaba. A 2018 ta cire izinin fita ga yawancin ma'aikata, a Janairun 2020 ta haɗa da 'yan aikin gida. A wannan shekarar ta soke takardar amincewar maigida kafin sauya aiki. Yanzu sanarwa kake bayarwa, wata ɗaya in ba ka wuce shekara biyu ba, wata biyu in ka wuce. Dokarta ta 2017 ta ba 'yar aikin gida awa goma a rana, hutun kwana ɗaya a mako, mako uku a shekara. Hana aiki a rana nata ya fi na kowa tsawo, daga 10:00 zuwa 3:30, 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Riƙe fasfon ma'aikaci tararsa na kai riyal 25,000. Inda yake cijewa shi ne ƙarar gudu tana nan, kuma maigida na iya soke takardar zaman mutum da ya ji yana neman wani wuri.

Abu Hafsa:
Katar ɗin da ta kashe mutum 6,500 a ginin filayen gasar kofin duniya ta 2022?

Injiniya Na-Zariya:
Ba haka aka rubuta ba. Adadin na jaridar Guardian ne a Fabrairun 2021, kuma na duk 'yan Indiya da Pakistan da Nepal da Bangladesh da Sri Lanka ne da suka rasu a Katar cikin shekara goma, kowace irin mutuwa, kowane irin aiki. Masu shirya gasar sun ce uku ne suka mutu a bakin aiki a filayen, 37 ba a bakin aiki ba. Daga baya Hassan al-Thawadi, babban sakataren kwamitin shirya gasar, ya ce tsakanin 400 da 500 a ayyukan da suka shafi gasar. Matsalar ita ce ana rubuta bugun zuciya a takardar mutuwa ba tare da an binciki gawa ba, saboda haka zafin rana ba ya fitowa a lissafi, iyali kuma ba su samun diyya. Kai dai tun ƙawanyar da Saudiyya da ƙawayenta suka yi mata a 2017 kake jin haushin Katar. Su da kansu sun shirya a Al-Ula ta Saudiyya a Janairun 2021.

Alhaji Mai Zinare:
Katar gas da fetur kawai take da su. Dubai ta gina tashar Jebel Ali a 1979, yankin ciniki maras haraji a 1985, kamfanin jiragen sama na Emirates a shekarar. Da ƙwaƙwalwa ta yi arziki.

'Yar Maraɗi:
Baba Malam da Alhaji da kowa, ku leƙa ɗakin girkinku. Yarinyar da ake kawowa daga ƙauye tana shekara goma sha biyu, dillaliya ta karɓi kuɗin watanta, ta kwana a tabarma kusa da murhu, ta tashi kafin asuba, wane kwantiragi ta sa wa hannu? Ita ko igama ba ta da shi.

Ɗan Kurna:
Anti, laifin wani ba ya wanke na wani. Kuma har yanzu babu wanda ya ce uffan a kan ejan. Ga firi biza da suke sayarwa, babu irin wannan biza a dokar kowace ƙasa a cikinsu. Wani ɗan ƙasa ne ke fitar da biza da sunan kamfanin da ba ya aiki, ya sayar, ka je ka nemi aiki da kanka, kana biyansa duk shekara don ya sabunta maka igama. Ranar da aka kama ka a wurin da ba na kafilinka ba, kai za a kora. Ga masu tura mutane da bizar Umara su ce in ka isa za a juya ta. Wa zai hana wannan?

Abu Hafsa:
Ka janye kalmar bauta tukuna.

Shugaban Zaure:
To, dare ya yi, bari in taƙaita don waɗanda ba su bi ba. Ɗan Kurna ya zo da zafin ƙuruciya ya kira aikin ƙasashen Larabawa bauta. Malam Na-Gwale ya warware da hujjar fiƙihu cewa ijara ce, kuma babu wanda ya kawo nassin da ya rushe maganarsa. Alhaji Mai Zinare ya nuna dokokin kare ma'aikaci suna nan suna aiki. An ambaci wasu 'yan kurakurai a gidaje, waɗanda ɗaiɗaikun mutane ke yi, kuma Saudiyya ta ɗauki hanyar gyara tun 2021. Tarihin lu'ulu'u da sunan teku ba su shafi batun ba. An tsaya a kan cewa kalmar ba ta dace ba. Allah ya sa mu dace.

Hajiya Uwar Marayu:
Ranka ya daɗe, ba a tsaya a kan haka ba. Gyaran 2021 ɗin da ka ambata shi ne na ce bai haɗa da 'yan aikin gida ba, kuma Malam bai amsa mini ko ana tambayar yarinya kafin a yi tanazul ba.