Taƙaitawa: kwashe bayanan shago daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa

Jama'a, ga abin da na tattara daga bakin 'yan'uwa masu shaguna a Makka da Jidda.

1. Kowa ya yarda: a ajiye kwafi biyu kafin a taɓa komai, ɗaya a wajen shago. Kada kuma a goge tsohuwar manhaja bayan an gama, domin ZATCA, hukumar zakka, haraji da kwastan ta Saudiyya, tana buƙatar a riƙe bayanan harajin VAT aƙalla shekara 6.

2. Excel ne ya fi jawo kuka. Yana cinye sifirin farkon lambar waya, 05 ta koma 5, ya kuma murɗe lambar haraji mai alƙaluma 15. Maganin shi ne a saita layin lambobin a matsayin rubutu tun wajen shigo da fayil. Idan sunayen Larabci suka koma alamun tambaya, ba a ajiye fayil ɗin bayanan (CSV) a UTF-8, tsarin rubutu mai ɗaukar haruffan Larabci, ba ne. A ganina nan ya kamata a fi zuba ido, don ɓarnar ba ta bayyana sai an nemi mai bashi an rasa lambarsa.

3. Kwanan wata: kada a gauraya Hijira da Miladiyya a layi ɗaya.

4. A fara gwaji da rasit kamar 50, sannan a gwada jimillar basussuka, kayan sito da haraji a ɓangarorin biyu har zuwa halala, wato kwabon riyal.

Inda aka rabu: wasu sun ce a kwashe gaba ɗaya a dare guda, wasu sun fi son manhajojin su yi aiki tare na wata ɗaya. Na farkon suna tsoron fitar da rasit sau biyu. Amma babu wanda ya goyi bayan yin aikin a Ramadan ko lokacin Hajji.