Lambar asusu tana ɓacewa idan aka canza tsari a tsakiyar wata

Assalamu alaikum. A manhajar da muke fitar wa masu biyan wata-wata bil, kowane tsarin biyan kuɗi na ɗora masa lambarsa ta babban littafin asusu: lambar kuɗin shiga 4000, ta kuɗin da aka biya gaba 2400. Bil na yau da kullum lafiya lau. Amma da zarar mutum ya canza tsari a tsakiyar wata, layin ragowar kuɗin da aka rage masa sai ya fito a CSV (fayil ɗin da muke fitarwa zuwa manhajar akanta) babu lamba, manhajar akanta kuma ta ƙi karɓar fayil ɗin dungurungum. Na duba tsohon tsarin da sabon, duk suna da lambarsu. Na sake fitarwa, haka dai. Cikewa da hannu kowane ƙarshen wata ya ishe ni.

Don Allah, daga ina wannan layin yake ɗaukar lambarsa?