Ana shirin yanka filin bayan garinmu a yi fuloti, ta ina za mu fara?

Ɗan Tsamiya:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawara. A bayan garinmu akwai wani fili da kududdufi a gefensa, ga tsamiya ga kuka ga gawo tun na kaka da kakanni, nan ake sallar idi, nan yara ke buga ƙwallo, da rani kuma Fulani su shayar da shanu. To kwanan nan sai ga tifa tana zuwa ɗiban yashi, an sare gawo an yi gawayi da shi, yanzu kuma mun wayi gari an binne siminti irin na alamar fuloti ta gefen gabas. Mu matasa mun haɗa kwamiti amma ba mu da takarda ko ɗaya da ta ce filin na gari ne, kowa dai ya taso ya tarar da shi haka. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Tsohon Safiyo:
Wa alaikumus salam yarona. Kada ku tumɓuke simintin nan, ku ne za ku kwana a wajen 'yan sanda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, amma in wurin ba a cikin yankin da aka ayyana birni yake ba, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya. Saboda haka ku fara da mai unguwa da dagaci, ku samu dattawan da suka san iyaka su taka ta da ƙafa tare da ku, wannan kukar zuwa waccan tsamiyar, a rubuta, liman da sarkin noma da arɗo su sa hannu, sannan hakimi ya rattaba a kai wa ciyaman. Ku nemi a auna a fitar da taswira da sunan al'umma, kada da sunan mutum ɗaya ko da kuwa shi ne mafi amana a cikinku, don gobe 'ya'yansa za su ce gado ne. In akwai burtali da ya ratsa ta wajen ku faɗa a takardar, yana ƙara mata nauyi.

Bamaraɗe:
Baba ya yi gaskiya kan takarda, amma ni daga Nijar nike kuma abin da munka gani shi ne takarda ba ta tsaron icce. Da can icce na gwamnati ne, ko a gonarka yake in ka sare reshe ma'aikatan daji su ci ka tara, shi ya sa manomi na ganin tsiro sai ya kashe shi tun yana ƙarami. Daga wajen 1983 anka fara abin da muke kira sassabin zamani a yankin Maraɗi, wato in kututture ya tofo ba ka ƙone shi, ka zaɓi rassa biyu uku masu ƙarfi ka sassabe sauran, saiwa na nan ƙasa da ranta don haka yana saurin girma fiye da dashe nesa ba kusa ba. Da mutane sunka tabbata iccen nasu ne sai abin ya bazu, ana maganar wajen hekta miliyan 5 yanzu. A Ɗan Saga ta wajen Agye kwamitin gari ke sa ido, da mata da makiyaya a ciki. Ku duba gindin gawon da anka sare, in ya tofo ku kewaye shi da ƙaya kafin awaki su gan shi.

Maman Biyu:
Ni dai ƙanena tambayata ɗaya, akwai mace ko ɗaya a kwamitin naku? Don mu ke shiga filin nan kullum, mu ke tsinko tsamiya mu ke ɗebo kuka ta miya, kuma in kuka ce an hana saran itace gaba ɗaya alhali gas ya fi ƙarfin talaka wallahi da daddare za a sare, gara ku ware ranar da za a rage rassa a raba. Sannan kududdufin nan ku daina bari ana zuba shara da leda a ciki, da ya fara wari masu son cikewa sun samu hujja, za su ce sauro. Mu a Jigawa mun ga ambaliyar 2022, ruwan da aka cike wa mazauni cikin ɗaki yake zuwa ya same ka, gidajen ƙasa suka dinga zubewa.

Ɗan Tsamiya:
Allah ya saka da alheri. Yaya babu mace tukuna amma zan kai maganar zaman Juma'a, akwai ƙungiyar mata masu adashe da za mu tuntuɓa. Baba, in dagacin ne da kansa ake zargin ya san da zancen fulotin, mu wuce wajen hakimi kai tsaye ko dole sai mun bi ta hannunsa?

Tsohon Safiyo:
Ku bi ta hannunsa tukuna, ku je da liman da dattawa biyu, ku miƙa takarda ku riƙe kwafi mai kwanan wata. In sati biyu ya wuce shiru sai ku je wajen hakimi da kwafin.