Neman shawara: an ɗora mini sharhin wasan ƙarshe na 'yan sakandare a rediyo

Malamin Hausa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin rediyo ko harkar ƙwallo. Ni malami ne a wata sakandaren gwamnati a nan Zariya. Asabar ta sama za a buga wasan ƙarshe na gasar makarantun shiyyarmu, kuma yaranmu sun kai. Wani tsohon ɗalibinmu ɗan kasuwa ya sayi fili a wani gidan rediyon FM, daga ƙarfe 4 zuwa 6 na yamma, don a watsa wasan kai tsaye. Mai shirin wasanni na gidan ba zai samu zuwa ba, shi ne shugaban makaranta ya ce ni zan yi, tunda ni ke riƙe lasifika a wasanninmu na cikin gida. Gidan rediyon sun ce da wayar hannu za a yi, ba mota, ba injiniya. Filin ba rumfa, ba wuta. Tun jiya abin yake cina. Me zan tanada? Kuma yaya mutum yake magana sama da awa guda ba tare da bakinsa ya bushe ba?

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na daɗe a gidan rediyo kafin in ajiye aiki, don haka saurara. Lasifikar fili daban, rediyo daban. A fili kana magana da masu kallo ne, idonsu na kan ƙwallo, kai ƙari ne kawai. A rediyo kuwa wanda ke jin ka tela ne a kan keke, ko direba a tasha, ko tsohuwa a tsakar gida da jikanta ke cikin fili. Ba su ganin komai sai abin da ka faɗa. Idan ka yi ihu "kai! kai! kai!" ba ka ce wa ke da ƙwallo ba, ka bar su cikin duhu.

Abu uku za ka riƙa maimaitawa: wa ke riƙe da ƙwallo, a ina yake, ina ya dosa. Wannan matsalar tsohuwa ce. Ranar 22 ga Janairu 1927 da BBC ta fara watsa wasan lig a rediyo, Arsenal da Sheffield United a filin Highbury da ke Landan, sai da aka buga taswirar fili a mujalla, aka raba shi gida takwas da lambobi, wani na gefe yana kiran lambar gidan da ƙwallo take. Kai ba ka bukatar taswira. Tun kafin a take wasa ka ba ragogin suna da abin da mutanen gari suka sani: ragar wajen masallaci, ragar wajen titi. Ka faɗi kalar rigar kowane ɓangare da inda yake kai hari. Bayan hutun rabin lokaci ka sake faɗa, don sun juya.

Batun bushewar baki kuma, shiri ne maganinsa. Ka je atisayen makarantun biyu cikin makon nan. Ka rubuta sunan kowane yaro da lambarsa da ajinsa da unguwarsu a kwali mai kauri, ba fallen takarda ba, iskar hunturu za ta ɗauke. Za ka tarar da Abubakar uku da Muhammad huɗu, saboda haka ka haɗa da sunan uba ko laƙabin da aka san yaro da shi, in dai ba na tsokana ba ne. Idan ƙwallo ta fita ko an tsaya canji, a nan za ka ciro labari: yadda suka zo wasan ƙarshe, wa suka fitar, wa ya fi cin ƙwallaye. Kuma ba dole ne kowane daƙiƙa sai ka cika ta ba. In an ci, ka faɗi wanda ya ci, sannan ka ɗan yi shiru a ji sowar jama'a.

Injiniyan Situdiyo:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Malam, ni ta ɓangaren na'ura zan shigo. Ka je filin kwana biyu kafin ranar, daidai ƙarfe 4, ka tsaya inda za ka zauna ka kira situdiyo a gwada. Waya biyu, layi biyu na kamfani daban-daban, duka cike da caji, da fawa bank. Ka yi kira na sosai, kada ka dogara da WhatsApp, domin in jama'a suka cika fili kowa ya kunna data, murya za ta riƙa yankewa. Ka roƙi situdiyo su ne za su kira ka, ka kuma kashe jiran kira don kada wani ya shigo maka tsakiyar hari. Ka sa iyafis mai waya, ka naɗa ɗan soso a bakin makirfon saboda iska. Kada a kunna rediyo kusa da kai, muryarka za ta dawo ta yi kuka a iska. Ka sa wani can nesa ya saurara, ya ɗaga maka hannu in layi ya yanke. Wurin zama: tsakiyar fili, ɓangaren yamma, rana a bayanka, kan tebur ko bayan a-kori-kura. Sannan ka naɗi gajeriyar hira da kocin kowane ɓangare ka ba situdiyo tun da safe, su saka in an rasa ka.

Abu Fatima:
Ku yi haƙuri, ni a ganina Malam bai kamata ya karɓa ba. Makarantarsa ce ke wasa, tsohon ɗalibinsu ne ya biya. Ko bai yi niyya ba, muryarsa za ta tona shi. Na taɓa jin sharhi irin wannan a garinmu, mai magana yana cewa "mun ci", "an zalunce mu". Washegari sai da dattawa suka shiga tsakanin matasan unguwanni biyu.

Baba Mai Ritaya:
Maganarka tana kan hanya, Abu Fatima, amma in ya ƙi, wa za a ba? Wataƙila wanda bai kai shi natsuwa ba. Gara a gyara. Ɗana, ka nemi malami guda daga ɗaya makarantar ku zauna tare, ku faɗa wa masu sauraro tun farko daga inda kowannenku ya fito. Kalmar "mu" da "su" ka bar ta a gida. Kuma ka auna kanka: ƙarfin muryar da za ka ɗaga in yaranka sun ci, ita za ka ɗaga in an ci su. Wannan ne zai fi komai yi maka wuya.

Yayanku na Teksas:
Ina goyon bayan zama mutum biyu. A nan Amurka daren Juma'a na kaka na ƙwallon 'yan sakandare ne, irin tasu ta kwalkwali da ake runguma a ruga, kuma ƙananan gidajen rediyo na garuruwa suna watsawa, shagunan gari suna ba da talla. Kusan kullum mutum biyu ne: ɗaya yana bin ƙwallo, ɗaya yana bayanin dalili in an tsaya. Sai dai tasu tana yawan tsayawa, kashi huɗu ce ta minti 12, taku kuwa ba ta jira, don haka ka gaya wa abokin zamanka ya riƙa gajartawa, da zarar an doshi raga ya sakar maka. Wani abu kuma: Red Barber, tsohon mai sharhin wasan besbol (na dukan ƙwallo da sanda) a nan, yana ajiye agogon yashi na minti 3 a gabansa, duk sanda ya ƙare sai ya faɗi sakamako ya juya shi. Mutane suna kama tasha a tsakiya, tambayarsu ta farko nawa da nawa, minti nawa aka yi.

Rafali:
Malam, ka same mu kafin wasa ka tambayi ƙa'idar gasar. Wasan manya minti 45 ne sau biyu, amma na yara ana iya ragewa, kuma a wasu gasanni in an tashi kunnen doki kai tsaye ake tafiya bugun fenareti, ba ƙarin lokaci. Lissafa da kanka: bayan sallar La'asar da gaisuwar manyan baƙi, da wuya a take kafin 4:20. In minti 40 ne sau biyu da hutun minti 10, kun kai 5:50, fenareti biyar-biyar ba zai shiga minti goma ba. Ku daidaita da gidan rediyon tun yanzu, ko za su ɗaga labaran ƙarfe 6. Sannan don Allah, abin da ba ka gani da kyau ba ka ce mataimakin alƙali ya ɗaga tuta, an busa satar gida. Kada ka yanke mana hukunci a iska, akwai masu rediyo a kunne a cikin 'yan kallo. Ko an fara raɗe-raɗin wani ɗan wasa ɗan haya ne ba ɗalibi ba, ba a bakinka za a ji ba, kwamitin gasa ke da wannan.

Maman Khalifa:
Malam, ni uwa ce, ɗana gola ne a makarantarsu. Ba na zuwa fili, a gida nake. Roƙona biyu. In yaro ya faɗi, kada ka ce ya karye ko ya suma alhali ba ka tabbatar ba, uwarsa na jin ka, ba ta da hanyar sani sai kai. Ka ce ana duba shi, in ya tashi kuma ka dawo ka gaya mana ya tashi, kada wasa ya ɗauke maka hankali. Na biyu, wanda ya zubar da fenareti ko ƙwallo ta zille masa, yaro ne ɗan shekara 16, Litinin zai koma aji, zai bi ta kasuwa. Ka faɗi abin da ya faru sau ɗaya ya isa. Kuma ka yi ƙoƙari kowane yaro a ji sunansa, har 'yan baya da na benci. Mu abin da muke jira ke nan.

Malamin Hausa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, in sha Allahu zan kiyaye, na rubuta maganarki a saman kwalin. Baba, na kira malamin wasanni na ɗaya makarantar, ya yarda mu zauna tare, gobe zan je atisayensu. Alhamis ƙarfe 4 za mu gwada layi da situdiyo, zan kuma yi musu maganar labaran ƙarfe 6. Saura abu guda: yanzu malamin wasannin yake gaya mini rigunan yaransu huɗu ba lamba a baya.

Injiniyan Situdiyo:
A kai wa masu buga riga a Sabon Gari gobe, kafin Juma'a sun gama. In ba hali, farin filasta mai faɗi ya wadatar, a manna babba yadda za ka hango daga tsakiyar fili.