Shawarwari kan yagaggiyar robar shaf da shaf ɗin da ya cinye

A wata tattaunawa kan abin da ya kamata a yi idan robar shaf ta yage (wato robar da ke rufe kan shaf, ƙarfen da ke juya tayar mota), yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa yagewar robar shaf ba ta hana mota tafiya nan take, sai dai giris yakan fantsama a bayan taya, ƙura da ruwa kuma su shiga su riƙa cin kan shaf ɗin. Saboda haka a fara da sauraren motar. Idan ba ta yin ƙara, ya wadatar a kwance kan, a wanke shi tas, a cika shi da baƙin giris irin nasa, sannan a sa sabuwar roba a ɗaure da kilif na ƙarfe, ba da waya ba kamar yadda wasu kanikawa kan yi. Idan kuwa ana jin ƙas-ƙas yayin shan kwana, kan waje, wato na ɓangaren taya, ya riga ya cinye, kuma sabuwar roba ba za ta gyara shi ba. Karkarwa lokacin taka totur takan nuna kan ciki ne, wato na ɓangaren giya, ya cinye.

An saɓa wajen sayen wani shaf a madadin wanda ya cinye: wasu sun zaɓi sabon shaf mai araha, amma masu cewa na Beljiyam (wato na hannu da aka shigo da shi daga waje) mai lafiya ya fi ƙarko sun fi gamsarwa, muddin an duba robarsa kafin a biya.