Fim ɗin Koriya mai suna Thirst: me masu sharhi suka gani da ya wuce mu?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ranar kasuwa na kai wayata wurin mai tura finafinai na ce ya zuba mini na ban tsoro, sai ya haɗa da wani na Koriya ta Kudu mai suna Thirst, wanda Park Chan-wook ya ba da umarninsa a 2009. Bayan sallar isha'i muka taru mu biyar a shagon abokina tela, muka jingina wayar a jikin keken ɗinki. Labarin wani fada ne na cocin Katolika da ya ba da kansa a gwada maganin wata muguwar cuta a jikinsa a Afirka, aka ƙara masa jini, ya farfaɗo ya zama mai shan jini. Kafin a kai rabi mutum uku sun yi sallama, ɗayansu yana cewa gara ya je ya saurari rediyo. Daga baya na karanta cewa fim ɗin ya ci kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa. Mu ne ba mu fahimta ba, ko kuwa masu sharhi ne suke yabon abin da jama'a ba sa so?

Malamin Sakandare, Gwaram:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba ku kaɗai ba ne, domin a Koriyar ma ra'ayin masu kallo ya rabu sosai, duk da cewa fiye da mutum miliyan 2 sun shiga sinima sun gan shi. A ganina kun je neman abin da zai firgita ku ne, alhali fim ɗin ya fi damuwa da mutumin da zuciyarsa take tuhumarsa. Sunansa da Koriyanci Bakjwi, wato jemage, kuma mun san yadda Bahaushe yake kallon jemage, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi. Haka fadan yake, bai bar imaninsa ba kuma bai iya barin jini ba. Ka tuna wurin da ya kwanta a ƙasa kusa da gadon majinyacin da ya daɗe a sume, yana zuƙar jininsa ta robar ƙarin ruwa don kada ya kashe kowa? Masu sharhi sun yaba irin wannan wuri ne saboda yana sa mutum dariya da ƙyama da tausayi a lokaci guda, kuma Song Kang-ho, jarumin da ya fito a matsayin fadan, wanda daga baya ya fito a fim ɗin Parasite, ya iya ɗaukar nauyinsa. Rabin labarin ma daga littafin marubucin Faransa Émile Zola ne na 1867, Thérèse Raquin, inda mace da kwartonta suka nutsar da mijinta a ruwa, alhakinsa ya hana su barci.

Maman Khalifa, Bichi:
Malam, na yarda da bayaninka, amma ka tsallake abin da ya kori mafi yawan masu kallo a wajenmu. Akwai tsiraici da kwanciya a fili a cikinsa, ba fim ne da za a kunna a tsakar gida ba, kuma ya kamata masu tura finafinai su riƙa faɗa wa mutum kafin su zuba masa. Ni ban da wuraren da na riƙa turawa gaba, abin da ya tsaya mini a rai shi ne yarinyar, Tae-ju. An riƙe ta tun tana ƙarama, ana yi mata kallon 'yar aiki, sannan aka aurar da ita ga ɗan gidan mai yawan ciwo. Duk wadda ta taɓa ganin 'yar riƙo da aka yi wa auren gida ba da sonta ba, ba ta buƙatar wani masani ya fassara mata fuskar yarinyar nan. Surukar kuwa, bayan jikinta ya shanye ba ta iya magana, sai ta tona asirin Tae-ju da fadan, waɗanda suka kashe mata ɗa, da idanu kawai a gaban baƙin da suka zo wasa. Wannan wurin ne ya hana ni barci, ba jinin ba.

Dattijon Kazaure:
'Ya'yana, tsoro yana bin abin da mutum ya taso yana ji. Mu da labarin maye aka rene mu, wanda yake kama kurwar yaro yana zaune cikin jama'a ana gaisawa da shi. Mai shan jinin Turawa da rana take ƙonawa baƙo ne a wurinmu, ballantana wannan da ko dogayen haƙora ba a yi masa ba. Alƙalan Cannes sun ga ɗaruruwan irinsa, shi ya sa sauyin da Park ya kawo ya burge su, ku kuwa ba ku da na farkon da za ku gwada shi da shi.

Ɗan Ringim:
Na gode, Baba, na gode Malam da Maman Khalifa. Jiya na sake kallonsa ni kaɗai har ƙarshe, inda fadan ya kai Tae-ju bakin teku suka zauna a kan mota suna jiran fitowar rana. Yanzu na gane abin da aka yaba, sai dai har yanzu ina ganin minti 133 ya yi masa yawa, tsakiyarsa tana jan ƙafa. Tela kuwa ya ce ko kyauta ba zai sake ba shi wuri a shagonsa ba.