Ƙaramar bindigar da za ta ɓuya a ƙugu: ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Amurka. Ina Houston, ina aikin dare a shagon wani gidan mai, sai asuba nake komawa gida. Tun 2021 dokar Texas ta yarda wanda ya cancanta ya riƙe bindiga ba da lasisi ba, amma ni na yi kwas na karɓi lasisina, don hankalina ya kwanta.

Wadda nake da ita ta yi kauri, tana fitowa ta jikin riga. Ranar Juma'a kaftani yana rufa asiri, amma kayan aiki ba sa ɓoye komai. Ga salla: in na sa kuben a gaba, ruku'u da sujada sai ta tokare mini ciki.

Kuɗina ba su wuce dala 400 ba, har da kube. Na gwada SIG P365 da Glock 43X a wurin koyon harbi. Duka masu harsashi mai faɗin milimita 9 (9mm) ne, kowacce tana ɗaukar guda 10. Glock ɗin ta fi zauna mini a hannu saboda tsawon mariƙinta, sai dai tsawon nan ne ke tona ta a riga. Taurus GX4 ta fi araha, ban dai taɓa harba ta ba.

Wanda ya daɗe da GX4, yaya ingancinta? Ko in ƙara haƙuri in tara kuɗin Glock? Kuma masu salla da ita a jiki, a wane gefe kuke ɗaurawa? Ina da yara, don haka akwatin kullewa na riga na saya. Allah ya saka da alheri.